Abin da Delma Rustad Ta Gani Ranar Girbin Alkama

A garin Velden, can arewacin Dakota kusa da iyakar Kanada, an yi zamanin da in gardama ta ƙi ƙarewa a shagon aski ko a ƙofar coci, sai wani ya ce ai Delma Rustad ce ta faɗa, shi ke nan kowa ya kama bakinsa. Ba ta yi wani karatu mai zurfi ba. Matar manomi ce, doguwar mace mai faɗin kafaɗa, iyayenta sun zo daga Norway da cikinta, ta tashi tana tatsar shanu tun ba ta iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ita ake kira in naƙuda ta kama mace alhali ƙanƙara ta toshe hanyar likita, ita ake kira in za a wanke gawa. Ba ta iya zaƙin baki ba. In kek ɗinki bai yi ba, a gaban kowa za ta ce miki bai yi ba. Mata sun sha jin haushinta a kan haka, amma ba wadda ta taɓa kama ta da ƙarya.

Mijinta Arvid gajere ne mai son raha, irin mutanen da ba su son tashin hankali ko kaɗan. 'Ya'yansu biyu, Lowell da ƙanwarsa Verna. Lowell ne aka ɗauka soja lokacin yaƙin Koriya, ya tafi yana ɗan shekara ashirin, aka dawo da shi a akwati a rufe, aka ce kada a buɗe. Delma wadda ta wanke gawar rabin dattawan garin ba ta ga fuskar ɗanta ba. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ci gaba da tatsa da girki da wanki, sai dai magana ta ɗauke mata. Arvid kan ce gidan ya zama kamar ana zaune da agogon bango, yana aiki amma ba ya hira.

Ana cikin haka sojojin sama suka zo garin, suka tara mutane a zauren makaranta suka nuna musu majigi. Suka ce in Rashawa za su kawo hari, ta saman Kanada za su biyo, kuma in jirgi ya yi ƙasa-ƙasa na'urorin gwamnati ba sa hango shi, sai idon mutum. Suna neman masu sa kai da za su riƙa tsaron sama, su buga waya duk abin da suka gani. Delma ce ta fara ɗaga hannu. A hanyar gida Arvid ya ce ta yi daidai, domin duk ɗan Rasha da ya leƙo ya ga fuskarta da kansa zai juya akalar jirginsa. Ranar ce ta yi murmushi na farko tun bayan jana'iza.

Maza suka kafa hasumiyar katako a bayan rumbun hatsi na garin, aka sa tarho a ciki, da madubin hangen nesa, da hotunan jirage a jikin bango. Delma ta haddace su kaf, na gida da na abokan gaba. Aikin ya dawo da ita cikin mutane. Ta ce wa Verna tun da ba ta iya tsare ɗanta ba, za ta tsare 'ya'yan wasu. Abokin tsaronta Emmett Sorlie ne, mai raba wasiƙu, mutum mai surutu kamar rediyo, wanda ya ɗauki hasumiyar wurin hutawa daga faɗan matarsa. Yana zuba tana kallon sama, a haka suka saba.

Abin ya faru ne da rana tsaka, lokacin girbin alkama, sama tas ba gajimare ko ɗaya. Delma ta hango wani abu yana ƙyalli ta gabas, ta ɗauka jirgi ne ta sa madubi. Ba shi da fiffike, ba shi da wutsiya, ba hayaƙi, ba ƙara. Launinsa kamar sabon kwanon rufi, zagayayye, tsakiyarsa ta fi gefensa kauri. Ya zo ya tsaya cak a saman gonar maƙwabtansu, ya daɗe a tsaye har ta miƙa wa Emmett madubin. Lofen taba ya faɗo daga bakinsa.

"Delma, don Allah mene ne wancan?" in ji shi.

Ta ce ba ta sani ba. Suna kallo abin ya karkata gefe guda, ya yi arewa da gudun da ba ta taɓa ganin irinsa ba, ya ɓace. Ta ɗauki tarho kamar yadda aka koya mata. Sojan da ya amsa ya tambaye ta injin nawa gare shi, ta ce babu. Ya tambayi irin jirgin, ta ce ba ya cikin hotunan bango. Sai ta jiyo yana faɗa wa wani a gefe, ta kuma jiyo dariya. Duk da haka ta sauko da zuciya a wanke, don a ganinta ta yi aikin da aka sa ta.

Bayan an gama girbi baƙi biyu suka zo gonar a baƙar mota. Ɗaya matashin hafsa ne, Laftanar Keough, ɗayan dattijo mai gilashi, Farfesa Whitlock, masanin taurari da gwamnati ta ɗauka don tantance irin waɗannan rahotanni, waɗanda a shekarar suka yi yawa a ƙasar. Delma ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta kawo kofi da fanken dankali da man shanu. Da farko hira ta yi daɗi. Farfesa ya sa ta zana abin, ya tambayi inda rana take da inda iska ke kaɗawa, ta amsa iyakar saninta, abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Daga nan tambayoyin suka sauya hanya. Shekarunta nawa, tana samun barci kuwa, likita ya ba ta wani magani, tana yawan mafarkin ɗanta. Arvid da ke tsaye a bakin ƙofa, don ya taimaka, ya ce gaskiya tun rasuwar yaron ba ta dawo daidai ba. Farfesa ya gyaɗa kai ya rubuta. Delma ta kalli mijinta, shi kuma ya kalli takalminsa.

Ta ce musu su tambayi Emmett Sorlie, ai tare suka gani. Laftanar ya ce daga wurinsa suke. Sun tambaye shi ko yana taɓa shan giya a bakin aiki, suka kuma tuna masa cewa aikin gidan waya aikin gwamnati ne. Emmett mai 'ya'ya biyar ya ce rana ce ta haske masa ido, watakila tsuntsu ne, shi dai ba zai rantse ba.

Sakamakon a jaridar gunduma ta gan shi, ba wanda ya zo ya gaya mata. An ce balan-balan ne na masu auna yanayi, kuma wadda ta ba da rahoton mace ce da ke cikin juyayi. Delma ba ta yi musu ba. Ta ce in balan-balan ne ta gode wa Allah, a nuna mata irinsa ɗaya a sama, in shi ne za ta faɗa da bakinta. Ba wanda ya nuna mata.

Da lokacin sanyi ya shigo, Laftanar Keough ya dawo garin don sake tsarin masu tsaro. Da aka kafa sunaye a ƙofar hasumiya, nata ba ya ciki. Ta tare shi a gaban shagon shan kofi yana shirin tada mota. Yaron ba mugu ba ne, ya buɗe mata ƙofa ta shiga don sanyi. Ya ce manyan masana sun zauna a babban birni sun duba rahotannin, sun ce abubuwan da ake gani ba su da wani haɗari ga ƙasa. Haɗarin yana ga rahotannin kansu. In mutane suka riƙa cika layukan waya da labarin faranti mai tashi, kamar yadda ake kiran irin abin da ta gani, ranar da abokan gaba za su zo da gaske ba za a sami layi ba, kuma tsoro zai iya rikita jama'a. Don haka an ce a riƙa kwantar da maganar, a rage mata daraja.

"Wato ni ce haɗarin," in ji Delma.

"Ba haka nake nufi ba, Misis Rustad."

"Ku kuka ce in faɗi duk abin da na gani. Na faɗa. Da na yi shiru da yanzu ina saman hasumiyar can."

Ya ce ya sani, ya ce ya yi nadama, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Ta tambaye shi abu ɗaya, shi a ransa ya yarda ta ga wani abu? Ya kalli gilashin mota da ƙanƙara ta fara rufewa, ya ce ba a ba shi izinin yarda ko ƙin yarda ba. Ta fita ta rufe masa ƙofa a hankali.

Tun da gwamnati ta yi magana, gari ya sami abin dariya. Aka sa mata suna Mai Faranti. A liyafar coci wani ya miƙo hannu ya ce ta ba shi faranti ɗaya, amma wanda ba ya tashi, tebur ya kwashe da dariya, har da Fasto yana rufe baki da hankici. Samari suka riƙa jefo murafen tukwane a kan rufin gidansu. Matan da ta taɓa kushe wa kek suka sami ranar ramuwa, kuma suka rama cikin ladabi, da tambayar yaya jiki, ana samun barci kuwa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kiran da aka daina yi mata. Wata yarinya da aka haifa a hannunta ta zo haihuwar fari, uwar mijin ta ce a nemo wata, ba ta son jariri ya fara buɗe ido a hannun mai gane-gane. Emmett ya ci gaba da kawo wasiƙu, amma sai ya jefa a akwatin bakin hanya ya taka mota, bai ƙara shigowa shan kofi ba.

Sai kuma wasu irin mutane suka fara zuwa daga nesa, masu ƙungiyoyin faranti mai tashi. Da farko ta ji sanyi a ranta, ga waɗanda suka yarda da ita. Ba a daɗe ba ta gane ba abin da ta gani suke so ba. Suna so ta ce an buɗe ƙofa, wasu halittu sun fito, sun ba ta saƙo ga duniya. Wani mai gemu ya zauna a ɗakin girkinta yana roƙonta ta tuna da kyau, ya ce watakila an goge mata tunani ne. Suka tattake wa Arvid shuka suna neman wurin da abin ya sauka, alhali ta gaya musu bai sauka ba. Ranar da ta kore su da tsintsiya, sai suka buga a 'yar mujallarsu cewa gwamnati ta toshe mata baki. Ta zama ga mutanen gari mahaukaciya, ga baƙi kuma maciyiya amana.

A lokacin Verna ta gama koyon aikin malanta, ta nemi aiki a makarantar garin. Kwamitin makaranta ya yi ta jan ƙafa. Wata ta raɗa wa Arvid cewa ana tsoron irin wannan abu yana bin jini. Da yamma suna cin abinci ya ajiye cokali ya ce wa matarsa ta duba yarinyar nan.

"Ki ce balan-balan ne mu huta, Delma. Me zai ragu a jikinki?"

"Kai ma kana ganin ban ga komai ba?"

"Ni ban ce ba. Ni dai na gaji. Na binne ɗa ɗaya, ba na son in zauna ina kallon ɗayar tana lalacewa a gida."

Verna ta ce wa uwar kada ta yi don ita, za ta nemi aiki a wani gari. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, mutane na shan kofi a ɗakin ƙasa, ta miƙe ta ce tana da magana. Ta ce ta yi tunani, masana sun fi ta sani, balan-balan ta gani, kuma tana ba da haƙuri kan damun da ta jawo wa gari. Fasto ya ce Allah ya yi mata albarka, wasu suka tafa. Verna ta sami aikin.

Amma abin bai tsaya inda Arvid ya zata ba. Dariyar ta ragu, sai dai yanzu cewa ake yi ashe Delma ma tana faɗin abu ta dawo ta janye, to wanne ne gaskiyar, na farko ko na biyu? Ita kanta ƙaryar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse. Ta fara shakkar idonta. In ta ga kaza ta fita daga keji sai ta kira Arvid ya tabbatar mata. In aka tambaye ta ko an yi ruwa a gonarsu jiya, sai ta ce kamar an yi, amma a tambayi maigidan. Ta daina ɗaga kai in tana shanya. Verna ta ce ranar da ta fi jin tsoro ita ce ranar da ta kawo kek ɗin da ya ƙone ta ƙasa, uwar ta ci ta ce ya yi daɗi.

Shekaru suka wuce. Aka kafa manyan na'urori a arewa, aka ce ba a bukatar idon mutum kuma, aka sallami masu tsaro da takardun yabo, ban da ita. Wani manomi ya sayi katakon hasumiyar ya yi ɗakin aladu. Verna ta yi aure ta koma birni. Arvid ya faɗi a gona wata bazara, zuciyarsa ta tsaya, ya mutu kafin a kai shi mota. Bayan an binne shi Delma ta ce wa 'yarta mutumin kirki ne, tsoro kawai ya yi masa yawa. Gona ta fi ƙarfinta ita kaɗai. Ana cikin haka ma'aikatan gwamnati suka zo da awo, suka yanki wani sashe na filin, suka kewaye shi da waya, suka haƙa rami mai zurfi suka binne makami mai linzami a ciki, kamar yadda suka yi a gonaki da yawa a yankin. Ta sa hannu a takardarsu ba ta karanta ba. Ta sayar da sauran ta koma wurin Verna.

Kafin ta bar garin ta je asibitin gunduma inda Emmett ke kwance, tsufa ya cinye shi, shanyewar ɓarin jiki ta karkatar masa da baki. Ba faɗa ya kai ta ba. So take mutum ɗaya a duniya ya ce mata shi ma ya gani, ko da su biyu ne kawai a ɗakin. Ya gane ta, ya yi murna, ya tambayi Arvid da Lowell. Ta gaya masa duk sun rasu, ya yi hawaye. Sannan ta matso da kujera ta tambaye shi ranar nan a hasumiya, lokacin girbi.

"Wace hasumiya?" in ji shi.

Ta kalli idonsa da kyau, ta ga ba ɓoyewa yake yi ba. Abin ya fita daga kansa gaba ɗaya. Ta gyara masa bargo, ta zauna har ya yi barci, ta tafi.

A birni aka ba ta ɗaki a bayan gidan Verna, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Ta ce ya yi mata. Ana gab da shiga shekarar 1970 rediyo ya sanar cewa wani kwamitin masana da gwamnati ta kafa ya gama nazarin dukan maganar faranti mai tashi, ya ce babu abin da kimiyya za ta ƙaru da shi, babu kuma barazana ga tsaron ƙasa, don haka za a rufe ofishin binciken. An buga rahoton a littafi mai kauri kamar bulo. Verna ta aro shi daga ɗakin karatu, ta kwashe makonni tana bi shafi-shafi bayan ta dawo daga makaranta. Tana fatan ko layi ɗaya ne ta samu da zai wanke uwarta, in ma bai wanke ta ba, a dai ambace ta. Babu Velden a ciki, babu ranar, babu Delma, ko a cikin waɗanda aka ce sun yi kuskure.

Ta rasa yadda za ta gaya mata, sai uwar ce ta tambaya da kanta, ganin littafin ya bar kan tebur. Verna ta ce ba su sa ba, Mama. Delma ta gyara zaren saƙa a yatsanta. Can ta ce watakila dai ba ta ga komai ba ɗin, mutum in yana kewar ɗansa ba abin da idonsa ba zai nuna masa ba. Verna ta durƙusa gabanta tana kuka, tana cewa ta gani, ita ta san ta gani, saboda ita Verna ne kawai ta janye maganar. Uwar ta shafa kanta ta ce ta tashi, shekaru sun yi nisa, ita ma yanzu in ta rufe ido ba ta iya tuna siffar abin sosai, zanen da ta yi wa farfesa kawai take tunawa.

Ta ƙara shekara huɗu a ɗakin nan. Jikokinta sun san ta a matsayin tsohuwa mai shiru wadda ke amsa kowace tambaya da watakila. Ta rasu da sanyin kaka, ciwon huhu ya ɗauke ta cikin 'yan kwanaki. Aka kai ta Velden aka binne ta tsakanin mijinta da ɗanta. Mutanen da suka zo ba su cika benci uku ba, don tsofaffin sun mutu, matasan sun watse birane. Sabon faston bai san ta ba, ya tambayi Verna abin da zai faɗa a kanta. Verna ta yi tunani ta ce ya ce ta karɓi haihuwar mutane da yawa a garin nan. Haka ya faɗa, aka yi addu'a a gurguje saboda iska, kowa ya nufi motarsa.